Huda biyu a gilashin Bilal

Kuna ganin sa gilashin mota ba wani aiki ba ne. Ranan na ji ɗayanku yana cewa ai aikin minti arba'in ne, a yanke tsoho, a matsa kol, wato gam, a manna sabo. Haka ne. Tuwo ma aikin minti arba'in ne in wani ya riga ya noma, ya sussuke, ya daka. Yanzu mai zuwa Jado neman zinariya zai fasa parbiriz, gilashin gaban mota, ran Litinin, ya ɗauki hotonsa da salula ya tura wa masu asirans, wato inshora, kafin Juma'a ya koma hanya, kuma har yana ƙorafin an ɓata masa lokaci. Ni da na shekara arba'in da ɗoriya ina wannan sana'a a Agadez, in na ji irin wannan ƙorafi sai in ci gaba da kurɓar shayina.

Wajen Baba Ammani na koya, Allah ya ji ƙansa. Rumfarsa tana bayan tashar mota, mahaifina ne ya kai ni da kansa bayan ya tabbatar ba zan iya zaman kanti ba. Shekarar farko ko da yatsa ban taɓa gilashi ba. Aikina wanke juwan, wato baƙar robar nan da ke kewaye gilashi ta riƙe shi a jikin mota, sai kuma goga wa igiya sabulu. A lokacin babu kol. Za ka sa wa gilashi juwan, ka cusa igiya cikin kwarin robar har ta zagaye, mutum ɗaya ya tsaya a waje ya dafa da tafin hannu, kai kana ciki kana jan igiyar sannu-sannu, leɓen robar yana hawa bakin ƙarfe. Kayan aikin duka ba su cika jakar fata ɗaya ba: igiya, sabulu, diyama na yankan gilashi, shinyol na huji wanda ake juyawa da hannu, da wani ƙashin haƙarƙarin raƙumi da Baba Ammani ya goge ya yi santsi, da shi ake ɗaga leɓen roba. In ya gan ka da turnabis, wato sukudireba, kusa da gilashi, ranar ka yi sallama da abincin rana.

Gilashin farko da ya bar ni na ja, na wani kamyo ne, babbar motar ɗaukar gishiri. Na ja ƙasa lafiya, na ja gefe lafiya, da na zo kusurwar sama igiya ta ciza, sai na fizga. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Baba Ammani yana waje yana dafe, ya ga tsagar ta bi ta ƙarƙashin hannunsa. Bai zage ni ba. Ya ce in zare igiyar, in sake goga mata sabulu, in ja wannan fasasshen gilashin har ya zauna, in cire, in sake. Sau goma sha ɗaya na sa shi na cire kafin la'asar, mai kamyo yana zaune yana kallo yana tsaki. Daga ranar na san a kusurwa ba a ja, juya igiya ake yi kamar mai murza zare.

Gilashi iri uku ne, kuma wanda bai bambance su ba ya je ya sayar da dabino. Akwai wanda in dutse ya same shi sai ya ruguje gaba ɗaya ya zama tsaki-tsaki, ya zubo wa shofer a cinya. Akwai mai falle biyu da leda a tsakani, shi wannan tsagewa yake yi amma ba ya zubewa. Na uku shi ne gilashin tagar ɗaki. A ido ba shi da maraba da sauran, kuma yawancin motocin daji na lokacin gabansu shimfiɗaɗɗe ne ba lanƙwasa, don haka duk mai diyama yana iya yanka shi ya sa. Amma in ya fashe takubba yake zama. Baba Ammani ya taɓa wanke gawar wani aparanti, yaron mota, da irin wannan gilashin ya yanke wa wuya a hanyar Ingal, kuma tun kafin ya ba ni diyama ya sa na yi masa alkawari ba zan taɓa sa wa mota gilashin ɗaki ba, ko uwata ce ta roƙe ni.

Abin da ya fi ɓoyewa, wanda sai a shekarata ta biyar ya nuna mini, shi ne ɗaure tsaga. Tsaga a gilashi mai falle biyu tafiya take yi. Rana ta gasa shi, sanyin asuba ya kama shi, hanya ta girgiza shi, kullum tana ƙara ɗan yatsa har ta keta daga gefe zuwa gefe. Amma in ka huda ɗan rami kamar ƙwayar gero daidai bakin tsagar, a fallen waje kaɗai, kada ka taɓa ledar, to in ta iso ramin nan ta tsaya. A duk garin nan mu biyu ne muka iya, da ya rasu kuma na zama ni kaɗai. Ba na ɓoye muku, na yi taƙama da abin. Shoferori sukan zo kallo kamar ana wasan kura.

Su kuwa shoferori Allah ya yi su da nasu ilimi. Akwai masu danna babban yatsa a gilashi duk lokacin da kamyo ya gifta, wai don kada tsakuwa ta fasa. Akwai wanda zai fito daga Tenere gilashi ya yi zafi kamar tanda, ya kwance salka ya watsa masa ruwan sanyi don ya wanke ƙura, sannan ya zo ya rantse mini maƙiya ne suka yi masa jifa. Ban taɓa musu da su ba, don da irin waɗannan nake ciyar da gidana. Asirans kuwa kowa yana da ƴar takardar da ake nunawa a bariyer, wato shingen hanya, amma wadda ta haɗa har da fashewar gilashi sai motocin kamfanoni da na masu ɗaukar nasara, wato turawa, yawon daji. A shekara bai fi in yi irin wannan aiki sau uku ba. Ƙa'idar da na sani guda ce: kada a cire gilashi sai mai duba ya zo daga Yamai ya gani da idonsa, ya sa hannu, sannan a aiko da sabo.

Bilal ya shigo rumfata ran wata Talata da hantsi, a shekarar da fari ya kai maƙura. Ku ba ku ga wannan shekara ba, kuma ba na yi muku fatan ku gani. Mutanen daji sun sauko sun kewaye gari da bukkokin tsumma. Akuya ba ta sayen tiyar gero. In ka fita bayan gari warin mushe ne ke fara gaishe ka. Sojoji ne ke mulki, magana a tasha sai an waiga. An rufe iyakar kudu, gilashin da muke samu daga Kano ya yanke, abin da ya rage a rumfata falle biyu ne na ƙananan motoci. Man mota sai da takarda, kuma duk motar da za ta bar kwalta ta shiga daji sai ta sami lesepase, takardar izinin wucewa, ita kuma ba a ba da ita sai an kai motar wani biro, ofishin sojoji, an duba ta daga fitila har taya.

Bilal ɗan tsohon gari ne, sa'ana, tare muka yi karatun allo. Yana da kat-kat, motar daji, da yake ɗaukar nasara da ita kafin fari ya kore su, kuma kamfanin da ke ba shi baƙi ne ya tilasta masa cikakkiyar asirans. Matarsa Mariyama ta tafi goyon ciki wajen iyayenta, a wata rijiya mai tafiyar kwana biyu a mota, arewa da hanyar Fashi. Cikinta na farko ne, al'ada ce ta haihu a gaban uwarta, kuma lokacin da ta tafi suna da raƙuma da awaki. Ran Lahadi wani mutum ya iso a ƙafa da saƙo: ta haihu mace, kwana biyar ke nan, dabbobi sun ƙare, rijiya laka take bayarwa, nonon uwar kuma ba ya isa. Ran Litinin Bilal ya je Anu Araren karɓo tayar da wani abokinsa ya yi masa alkawari. A hanyar dawowa kamyo ya harbo tsakuwa.

Na duba. Tauraro ne a ƙasa ta wajen fasinja, da ƙafafu biyu, ɗaya ta yi sama kamar taƙi guda, ɗaya ta nufi wajen shofer.

"Salisu, gobe ni ka kai ta biro," in ji shi. "Jibi in tahi. Mi za mu yi?"

Na ce masa sabo kam babu, ko a Damagaram babu. Amma zan ɗaure ta. In tsagar ta tsaya a ƙasa, ba ta shiga idon shofer ba, mai duba mota zai iya kau da kai. Bai tambaye ni asirans ba, ni ma ban kawo ta a raina ba. A wajena ɗaure tsaga ba taɓa gilashi ba ne, kiyaye shi ne.

Na ja motar inuwa, na jira gilashin ya huce. Na shafa toka a kan tsagar don bakinta na gaskiya ya fito, saboda kullum tana wuce inda ido ke gani da kamar faɗin farce. Na yi ɗan kewaye da danƙo, na ɗiga man fitila a ciki, na ɗora bakin shinyol. Ba a danna shi, nauyinsa kaɗai ya isa. Kana juyawa kana saurare, in ƙarar ta sauya daga ƙaiƙayi ta koma laushi ka iso leda, sai ka ɗaga. Na yi na farko, na yi na biyu, na dafa daga ciki da yatsa, kowace ƙafa ta taka ta faɗa raminta ta tsaya. Aiki ya yi kyau, har Bilal ya yi dariya, ya ce da ana ba da galo irin na soja a wannan sana'a da na zama kanal.

Washegari ya dawo kafin azahar, takardunsa a hannu. Sojan da ke duba motoci, wani ajidan, ya zagaya sau ɗaya, ya ɗora sandarsa a kan tsagar, ya ce a koma. Wata guda kafin nan wata mota ta ɓace a Tenere da mutum bakwai, an kira masu duba motoci an ja musu kunne, tun daga ranar ko fitila ɗaya ce ta mutu ba ya sa hannu. Bilal ya gaya masa zancen jaririya. Ajidan ya ce duk wanda ya tsaya a layin nan yana da wani a daji, ya kawo gilashi lafiyayye ya karɓi takardarsa a take.

Sai muka nufi wajen Malam Lawali, wakilin asirans, a wani ɗan biro kusa da kasuwa mai fanka ɗaya da ba ta juyawa. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ya cika takardu a ranar, ya buga waya Yamai, ya ce kamfani yana da irin gilashin a ma'ajiyarsa, da zarar mai duba ya sa hannu kwana biyar ko shida ya iso. Mai duba kuwa yana garin Tawa, daga can zai wuce Arlit, sai a dawowa ya tsaya mana.

Kwana takwas muka jira. Bilal ya bi manyan motocin da ke rabon hatsin agaji ko akwai mai bi ta wajen rijiyar, aka ce iyakarsu manyan zangon. Ya nemi raƙumin haya, waɗanda suka rage a kasuwa ba mai iya tashi da kaya. Masu kat-kat da ke da lesepase an riga an karɓe motocinsu aikin agaji. Ya sayi madarar gwangwani, da gero, da sukari, ya jera a bayan mota ya rufe da bargo. Kullum da safe sai ya zo ya buɗe ya duba, kamar za su gudu.

Mai duba ya iso ran Alhamis, wani siririn mutum mai tabarau da ƴar jaka. Bai yi minti biyu a gaban motar ba ya fito da gilashin ƙara gani, ya sunkuya a kan ramin farko, ya koma na biyu.

"Wa ya huda wannan?"

Na matso da ƙirjina a gaba. Wallahi na ɗauka yabo zai yi. Na ce ni ne, na fara yi masa bayanin yadda ake ɗaure tsaga.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam, ni tsakuwa aka aiko ni in duba, ga shi na tarar da aikin shinyol. Ta yaya zan san tsagar ce ta zo ta sami ramin, ba ramin ne ya haifi tsagar ba? A Maraɗi na kama mutum uku suna huda tsohon gilashi don a ba su sabo."

Na nuna masa tauraron, inda tsakuwar ta ci. Ya ce ya gani, kuma shi a ransa ya yarda da ni, amma ransa ba ya sa hannu a takarda. Gilashin da aka yi wa aiki kafin a duba shi ya fi ƙarfinsa, sai dosiye, wato takardun duka, ya koma Yamai manya su zauna a kai. Malam Lawali ya roƙe shi da Faransanci, ya roƙe shi da Hausa. Ya ɗauki hoto biyu, ya rubuta abin da ya gani, ya shiga motarsa. Garin gyaran gira na tsone ido.

Bilal ya ja motarsa ya tafi. Sai bayan sallar Juma'a ya zo rumfa, da wani abu a naɗe cikin tabarma. Ya kwance. Gilashin tagar ɗakin uwarsa ne, babba, ya ciro shi da firam ɗinsa.

"Yanka mini wanga," ya ce. "Ka sa shi."

Na ce ya san ba na yi.

"Na sani. Ba cewa na yi in shiga daji da shi ba. In kai biro, in amshi takarda, in wuce bariyer. Da na ɓace musu in tsaya in cire shi da hannuna in aje cikin rairayi, in ja rawani bisa ido in tahi. Kilomet goma, Salisu. Kilomet goma kaɗai ni ka roƙo."

Na ce gilashin mota yana da tambari a kusurwa, na ɗaki ba shi da shi, in ajidan ya duba fa? Ya ce ajidan tsaga yake nema, ba tambari ba, kuma za mu shafa ƙura a wajen. Na ce in muka cire tsohon kafin Yamai ta yanke magana, asirans ta tashi ke nan. Ya ce ta tashi mana, shi ɗiyarsa yake so ba gilashi ba. Na ce na yi wa Baba Ammani alkawari.

"Baba Ammani shina kabari," in ji shi. "Ita tana da rai."

Zan gaya muku gaskiya, don na gaji da gaya wa kaina wani abu daban. Dabararsa mai yiwuwa ce. Kilomet goma a kwalta, a hankali, gilashin ɗaki zai kai. Alkawarin gaskiya ne, amma ba shi ya riƙe hannuna ba. A garin nan ni kaɗai ke da diyaman da zai yanka falle mai wannan girma, in aka gane ba sai an yi bincike ba. A watan nan an ɗauki wani makaniki a kan takardar mai ta jabu, matarsa tana ta yawo ba ta san inda aka kai shi ba. Ina da ƴaƴa huɗu. Tsoro na ji, na sa masa rigar alkawari, na ce wa Bilal ya yi haƙuri, aikin ƙwarai ya fi, Yamai ba za ta daɗe ba.

Ya naɗe tabarmarsa. A ƙofa ya tsaya ya ce in ara masa diyaman kawai, shi zai yanka. Na ce ba a ara. Ya gwada da kansa a gida da bakin fayil na goge ƙarfe, gilashin ya rabu uku.

Kwana goma sha shida dosiye ya yi a Yamai. Malam Lawali kullum yana gidan waya yana jiran layi. Ya sa na rubuta bayanin ɗaure tsaga, ya juya shi da Faransanci, ya haɗa da shaidar shoferori biyu. Bilal ya daina zuwa rumfata. Nakan hango shi a bakin zangon mutanen daji yana bin sababbin zuwa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wanda ya biyo ta rijiyar. Wani ya ce ya ga hayaƙi a wajen, wani ya ce ba kowa. Ni kuma ba aiki, ina zaune ina kallon jakar kayana. Sau biyu na ɗauki diyama na sa a aljihu na nufi gidansu, sau biyu na juyo daga bakin masallaci.

Daga ƙarshe manyan suka yarda. Bayan kwana shida gilashin ya iso a kan kamyon hatsi, cikin akwatin katako, an cusa masa ciyawa. Ciyawar ma ba ta kai ƙasa ba, wata mata ta kwashe wa akuyarta. Mai falle biyu ne, da tambarinsa, da sabon juwan a naɗe. Na cire tsohon, na kankare tsatsar bakin ƙarfe, na shafa fenti, na jira ya bushe, Bilal yana tsaye yana kallon rana. Ya ce a bar fentin nan. Na ce minti ashirin ne. Na jiƙa juwan a ruwan ɗumi, na zagaya igiya, muka ɗaga tare muka ɗora. Shi ya dafa daga waje. Fuskarsa tana gabana, gilashi kaɗai ke tsakaninmu, bai dube ni ba ko sau ɗaya. Na ja ƙasa, na ja gefe, na murza kusurwoyi huɗu, gilashi ya zauna da ƴar ƙara kamar an rufe tukunya. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wannan tsabta ba.

Da azahar ajidan ya sa hannu, ko kusurwar bai duba ba. Kafin la'asar Bilal ya wuce bariyer.

Ran kwana na takwas da tafiyarsa Malam Lawali ya aiko mini da wata takarda. Ashe akwai ta ƙarshe, wadda mai mota zai sa wa hannu ya shaida an yi masa aiki yadda ya kamata kuma ya gamsu, sai da ita ake rufe dosiye. Na sa ta a aljihu, ina tunanin da wane ido zan kai ta. Ban kai ba, shi ya zo. Da hantsi na ga kat-kat ta tsaya a gaban rumfa, ta yi fari fat da ƙura, shi kuma ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa.

Muka gaisa. Na zagaya na bi juwan da yatsa ta ciki, kamar yadda ake yi bayan tafiyar farko. Ko ƙwayar rairayi ba ta shiga ba. A bayan mota na ga gero ya tafi, sukari ya tafi, gwangwanayen madara suna nan a jere yadda ya shirya su.

Na ce, "Ina iyali?"

"Mariyama ta iso, da uwarta. Tsohon ya ce ba shi barin rijiya."

Na sake duban gwangwanayen madarar. Shi ya ƙarasa da kansa.

"Kwana talatin da biyar ta yi a duniya. Na iske an rufe ta da kwana biyar. Sun sa mata sunan innata." Ya goge gilashin da gefen rawaninsa. "An ce ta yi kama da ni."

Na yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya ce kwananta ne ya ƙare. Kowa haka ya ce, liman ma haka ya ce, kuma na yi imani da ajali. Amma na iya lissafi. Da ban huda ba, da ya isa da kwanaki a hannu. Da na yanka masa gilashin ɗaki, da ya fi haka. Baƙin cikin wannan bai sake ni ba har yau.

Ya ga bakin takardar a aljihuna, ya tambaya ko tasa ce. Na ce ba gaggawa, a bar ta wani lokaci. Ya ce in karanta masa. Faransancina na tasha ne, amma na karanta, na juya masa da Hausa: ni mai wannan mota na shaida an sauya mini gilashi bisa ƙa'ida, aiki ya yi kyau, ba ni da wani ƙorafi.

Ya karɓi alƙalami, ya ɗora takardar a kan bonet, ya rubuta sunansa da ajami a hankali, harafi bayan harafi. Ya miƙo mini.

"Ba ƙarya a cikinta, Salisu," ya ce. "Aiki ya yi kyau."

Ya buɗe bayan mota, ya sauke gwangwanayen madarar a ƙofar rumfata, ya ce in ba wanda ke da jariri.